Abin Da Ke Gina Jikin Kare

Ku duba karnukan da ke tsaron gonaki da garkuna a ƙauyukanku. Da yawa haƙarƙarinsu a waje, gashi na zuba, alhali kuwa kullum ana ba su ƙanzo da ragowar tuwo. Tuwo ya kan cika ciki, ya ba da ƙarfin gudu, amma gininsa kaɗan ne.

Abin da ke gina jiki shi masana ke kira furotin. Da shi a ke yin tsoka da fata da gashi da farce. Shi ke warkar da miki, daga gare shi kuma jini ke samun makaman yaƙi da cuta. Sa'ad da kare ya ci shi, sai cikinsa ya warware shi ƙanana ƙanana kamar tubala, wajen iri 20. Iri 10 daga ciki jikinsa ba ya iya yinsu, sai a abinci za ya samu. Na dawa da masara bai cika ba, rogo kuwa kusan babu. Jiki kuma ba shi da rumbun furotin yadda ya ke tara kitse. In ya rasa, naman kansa za ya ci.

Saboda haka ku haɗa masa tuwon da dafaffen wake, ko nono, ko ƙuli-ƙulin da bai yi funfuna ba. Karya mai shayarwa da 'ya'yanta sun fi bukata. Kayan ciki daga mahauta na da amfani ƙwarai, amma lalle a dafa tukuna, gama ɗanyen huhu da hantar tumaki su kan sa wa kare tsutsar ciki wadda ke iya kama mutanen gida.