Govinda da David Dhawan: yadda suka haɗu da yadda suka rabu

Duk wanda ya kalli finafinan Indiya a shekarun 1990 ya san in aka ce Govinda, to David Dhawan ne darakta. Sun fara da Taaqatwar a 1989, amma Aankhen na 1993 ne ya kankaro musu suna. Daga nan sai Raja Babu, Coolie No. 1 da Hero No. 1. Finafinan da suka yi tare sun haura 15.

Sirrin kuwa? Dhawan da aikin tace fim ya fara, don haka ya san inda zai yanke kafin dariya ta huce. Shi kuma Govinda ga rawa ga baki. Sau da yawa Kader Khan na gefe, kuma gaskiya ba a cika ba shi haƙƙinsa ba.

A 2004 Govinda ya faɗa siyasa, ya zama ɗan majalisa daga Mumbai. Ya dawo sun yi Partner a 2007, sai Do Knot Disturb a 2009 wanda bai yi kasuwa ba. Daga shi ba su ƙara aiki tare ba. Da Dhawan ya sake yin Coolie No. 1 a 2020, ɗansa Varun ya ba jarumtar.