TAFIYA TA KUSA DA TA NESA

Jama'a, kowa yana son ya ga duniya, amma ba kowa ya san yadda ake shirin tafiya ba. Bari mu yi misali da wani manomi na Bakura da matarsa, mutuniyar Maradun. Shi yana noman shinkafa da rani, da ruwan dam ɗin Bakalori wanda aka gama ginawa a 1978. Ita kuwa tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kiwon awaki.

Wata rana bayan kaka suna zaune, sai ta ce, "Malam, ina da buri uku. Ina son in riƙa gaida iyayena a kai a kai. Ina son in ga Sakkwato. Ina son kuma mu je Makka tare."

Ya ce, "Uwargida, burinki ya yi kyau. Sai mu fara da na kusa. Sannu ba ta hana zuwa."

Tafiya ta kusa

Suka fara da Maradun, don zumunci a ƙafa yake. Ran Talata kuma sukan shiga kasuwar Talata Mafara, shi ya sayar da shinkafa, ita ta sayar da mai. A nan suka koyi abu biyu. Na farko, a tambayi kuɗin mota kafin a shiga. Na biyu, a fita da safe, a dawo da sauran rana. A shekarun nan 'yan bindiga sun sha tare hanyoyin Zamfara, saboda haka mai hankali yakan tambayi direbobi a tasha labarin hanya kafin ya tashi. Ba ya kuma gaya wa kowa nawa ne a aljihunsa.

Shekara ta zagayo, suka tafi Sakkwato. Suka ziyarci Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817. Suka ga ƙofar gidan Sarkin Musulmi. Daga nan suka wuce Illela, suka ƙetare zuwa Birnin Ƙonni a ƙasar Nijar. Mutanen can Hausa suke yi kamar mu, amma kuɗinsu sefa ne, hukumarsu kuma dabam. Aka tambaye su takardar shaida a kan iyaka. Da ma sun riƙe katinsu na ɗan ƙasa, ba su sha wahala ba. Ku sani kuma akan rufe iyaka wani lokaci, kamar yadda aka rufe wannan a 2023, aka buɗe ta a 2024. Kada ka ɗaura kaya sai ka ji a buɗe take.

Yadda kakanninmu suka je Makka

A da, zuwa Makka a ƙasa ne, da jaki ko raƙumi. Mutum yakan bi ta Kano da Barno, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan, ya kai bakin Bahar Maliya, sa'an nan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare, sai mata da miji su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga, su tara, su ƙara gaba. Waɗansu sukan yi shekaru da yawa kafin su komo. Waɗansu ba su komo ba sam. Har yau akwai Hausawa da Filani a Sudan, akwai ma gari sunansa Mai Wurno, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yanzu kuwa jirgin sama yana kai mutum daga Sakkwato zuwa Jidda cikin kamar awa biyar. Hanya ta gajarta, amma kuɗin kujera ya yi yawa.

Tarin kuɗi

A nan ne gardama ta taso. Wani ya zo ya taya gonarsu da kuɗi mai tsoka. Maigida ya so ya sallama. Matar ta ce, "Malam, in mun dawo, me yara za su ci?" Suka je wurin liman. Liman ya ce musu aikin haji wajibi ne a kan wanda yake da iko kaɗai. Mai iko shi ne mai lafiya, mai guzurin zuwa da dawowa, wanda kuma ya bar wa iyalinsa abin ci. Saboda haka ba su sayar da gonar ba.

Sai suka shiga tari. Kowace kaka shi ya ware buhuna, ita ta ware 'ya'yan awaki da kwasan adashi. Suka kai kuɗin banki don gudun gobara da ɓarawo. Tun 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta buɗe wani asusu inda mai niyya zai riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan har su cika.

Da kuɗi suka kusa cika, wani ɗan kamasho ya zo ya ce zai kai su da araha. Maigida ya ce ya kawo rasit. Ya duba, ya ga babu sunan hukuma, babu hatimi. Ya mayar masa da takardarsa. Suka tafi ofishin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, suka biya ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A hajin 2024 zafi ya kashe alhazai fiye da 1,300, yawancinsu kuwa waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, ba su da tanti, ba su da mota.

Abin da suka gani

Suka yi fasfo, aka yi musu allurar shawara da ta sanƙarau, suka halarci bita. A Madina suka yi ziyara. A Makka suka yi ɗawafi sau bakwai, suka yi Safa da Marwa, suka tsaya Arfa ran 9 ga Zulhajji. Suka ga fari da baƙi cikin harami iri ɗaya. Sau ɗaya taro ya raba su. Matar ta nuna wa ɗan sanda katin da ke wuyanta, aka kai ta masauki. Kullum suna riƙe da laima da gorar ruwa.

Suka komo Bakura da dabino da zamzam, ana Alhaji, ana Hajiya. Ba wanda yake bin su bashi. Da damina ta faɗi, suka shuka gonarsu.

Tambayoyi

1. Me ya hana Alhaji sayar da gonarsa?
2. Yaya ya gane rasit ɗin ɗan kamasho na jabu ne?
3. Rubuta sunan gari uku da kake son zuwa, ka fara da na kusa.