Mayar da hoto katun: Waya na yi cikin daƙiƙa, amma kama da izini aikin mutum ne

Idan ka duba jerin sunayen da ke cikin WhatsApp ɗinka, da wuya ka rasa mutum biyu ko uku da suka cire hotonsu na ainihi suka sa na katun. Ido ya ƙara girma, fata ta yi sumul, hula ko mayafi sun koma launi ɗaya tas. Yayin ya faro ne daga manyan birane, amma yau duk inda sabis ya kai ya kai, har da Garu da Madekali da sauran garuruwan da ke ƙarƙashin Malanville.

Ga wasu, wasa ne kawai. Ga matasan wannan yanki kuwa, akwai maganar abinci a ciki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kasuwa ta ji jiki, kuma samari da dama da ke ci daga lodi da saukar kaya suka shiga neman abin yi. Aikin zane a waya ko kwamfuta ba ya jiran mota ta tsallaka gada. Ana biki, ana suna, ana walimar sauka, kuma tela da mai shago da mai sayar da shinkafa duk suna son allo ko sitika mai jan ido.

To amma ga tambaya: tunda akwai manhajar da ke yi kyauta, wa zai biya ka? Amsar tana cikin abin da manhajar ba ta iya yi.

Hanya biyu ce

Hanya ta farko ita ce ta latsa sau ɗaya. Manhajoji irin su Prisma, wadda ta fito a 2016, da ToonMe da Voilà AI Artist da Lensa, za ka ba su hoto su mayar maka da zane kafin ka kurɓi shayi. A ƙarshen watan Maris na 2025 abin ya ƙara bunƙasa, lokacin da kamfanin OpenAI ya sa sabon tsarin ƙirƙirar hoto a ChatGPT, duniya ta cika da hotuna masu salon finafinan katun na kamfanin Studio Ghibli na Japan. Shugaban OpenAI, Sam Altman, ya ce a lokacin sun samu sabbin masu amfani miliyan ɗaya cikin awa guda.

Hanya ta biyu ita ce ta hannu, inda mutum zai ɗora hoton a manhajar gyaran hoto ya bi shi layi-layi. Masu kwamfuta na amfani da Photoshop, wanda ke kasuwa tun 1990, ko CorelDRAW da aka saba gani a shagunan buga takardu. Wanda ba shi da kuɗin saye, akwai GIMP da Inkscape, dukkansu kyauta ne kuma halal, ba sai an nemi na sata ba. Wanda waya kaɗai yake da ita, Sketchbook da ibisPaint suna yin aikin da ɗan yatsa.

Bambancin ya wuce na sauri. Ƙirƙirarriyar basira ba bin fuskarka take yi ba. Sake zana wata fuska take yi daga ɗimbin hotunan da aka horar da ita da su, sannan ta kusanto da ita zuwa taka. Mai aikin hannu shi kuma fuskarka ce a ƙarƙashin alƙalaminsa.

Yadda ake yi da hannu

Aikin yana farawa daga zaɓen hoto. A samu wanda aka ɗauka da rana a inuwa, fuska a fili, ba wanda hasken fitila ya ƙone goshi ba. Kada a karɓi hoton da ya zaga waya uku, domin WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau. A ce wa mai shi ya turo a matsayin takarda, ko ta Bluetooth.

Daga nan sai a yanke bayan hoton, a bar mutum shi kaɗai. Sai a buɗe sabon falle a samansa, kamar ka ɗora farar leda a kan hoto kana zane a kanta ba tare da ka taɓa na ƙasa ba. Duk wani mataki a ba shi fallensa: layi daban, launin fata daban, tufafi daban. Idan an yi kuskure, falle ɗaya za a goge, ba aikin yini guda ba.

Layi shi ne ƙashin bayan katun. Ana bin haɓa da kumatu da layi mai kauri, ido da gira da hanci da leɓe kuma da siriri. A nan ne kama take. Tazarar da ke tsakanin ido biyu, faɗin hanci, da yadda leɓen sama ya zauna, idan aka kuskure ɗaya daga ciki, uwar mutum ma sai ta tambaya wane ne.

Sai launi. Hoton waya na iya ɗauke da launuka sama da miliyan 16, domin ja da kore da shuɗi kowanne na da mataki 256. Sirrin katun shi ne rage wannan tulin zuwa kaɗan. A fuska uku ko huɗu sun isa: asalin launin fata, inuwa, inuwa mai zurfi a ƙarƙashin haɓa da gefen hanci, da ɗan haske a goshi da kumatu. Kada a zaɓi launin da ka. A tsamo shi daga hoton kansa, daga kumatu ko wuya, da abin tsamo launi da kowace manhaja ke da shi.

Na ƙarshe shi ne tunanin inda zanen zai je. Idan hoton waya ne kawai, kowane iri ya yi. Idan kuwa kyallen talla ne mai faɗin mita biyu, to a yi shi da tsarin bekta, wato zanen da kwamfuta ke ajiyewa a matsayin layi da lissafi maimakon ɗigo-ɗigo. Irin wannan ko an buɗa shi ya kai bango ba ya fashewa. Inkscape da CorelDRAW don haka aka yi su. A kuma tuna cewa allon waya da haske yake nuna launi, injin bugawa kuma da tawada, shi ya sa baƙar fata kan fito da duhu fiye da yadda aka gani. A gwada a ƙaramar takarda kafin a ɓata babban kyalle.

Inda na'ura ke ɓarna

A wannan yanki namu fuska ba fuska ce kawai ba. Dattawa da dama cikin Dandawa da Zabarmawa da Kabawa da Arawa da Gobirawa suna ɗauke da tsagar gado, wadda ke faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba. Manhajar latsa sau ɗaya takan ɗauki tsaga ko bille a matsayin tabo, ta share. Takan kuma haskaka fata, ta sirantar da hanci, wani lokaci ta mayar da hular zanna wata aba da ba a san sunanta ba. Sai ka ga hoton Baba ya fito kyakkyawa, amma ba Baba ba ne.

Wannan ba zargi ne na kan titi ba. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa a bainar jama'a bayan an gano cewa wani sashe na manhajarsa da aka ce yana ƙara kyau, haskaka fatar baƙaƙe yake yi. A ƙarshen 2022 kuma mata da yawa suka koka da Lensa, ciki har da wata 'yar jaridar mujallar MIT Technology Review, wadda ta bayyana yadda manhajar ta mayar mata da hotunanta na mutunci zuwa zanen tsiraici ba tare da ta nema ba. Duk mai ƙanwa ko 'ya ya kamata ya san wannan.

Masu zanen barkwanci na jarida, irin su Mustapha Bulama na Daily Trust a Najeriya, da layi kaɗan suke sa ka gane mutum nan take. Sun san abin da ya sa wane ya zama wane, shi suke riƙewa. Wannan idon ne ba a sauke shi daga intanet.

Fuskar wa ce?

Yawancin manhajojin kyauta ba a cikin wayarka suke aikin ba. Tura hoton suke yi zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. A watan Yulin 2019 Sanata Chuck Schumer na Amurka ya nemi hukumar FBI ta binciki FaceApp a kan inda hotunan mutane ke zuwa. Idan masu ƙarfin ƙasa sun damu, ina ga mu? Hotonka naka ne, kana iya yin kasada da shi. Amma na matar wani, ko na yaro, ko hoton katin shaida, ba naka ba ne da za ka aika inda ba ka sani ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Jamhuriyar Benin na da kundin dokar harkokin sadarwar zamani, doka mai lamba 2017-20 ta 20 ga Afrilu 2018, da hukumar APDP mai kare bayanan mutane. Sashe na 550 na dokar ya tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara biyu, ko tarar sefa dubu 500 zuwa miliyan 10, ko duka biyun, ga wanda ya yi amfani da hanyar sadarwa wajen tsangwama ko muzanta wani. Saboda haka ƙara wa abokin hamayya kunne ko haƙori a watsa a zauren WhatsApp, a ce ai wasa ne, wasan na iya ƙarewa a gaban alƙali.

Ta ɓangaren addini, malamai sun daɗe da saɓani kan hoto. Sheikh Yusuf Al-Ƙaradawi na cikin waɗanda suka halatta hoton kyamara, wasu kuma sun tsananta musamman a kan zanen abu mai rai da hannu. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, haramcin ya fi shafar cikakken mutum-mutumi mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe kuwa hukuncinsa bai kai can ba. Mai son shiga sana'ar ya zauna da malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin izgili da mutane, kamar yadda aya ta 11 a Suratul Hujurat ta bayyana.

Ina sana'ar take?

Tana wajen mai haƙuri. Wanda zai fara, ya fara da hotonsa, ya yi ta maimaitawa har 'yan gidansu su gane shi ba tare da an faɗa musu ba. Ya koyi bekta, domin kuɗin yana wajen bugawa. Ya riƙa tambayar mai hoto tun farko: a bar tsaga ko a cire? Launin fata fa, a bar shi yadda Allah Ya yi? Idan an kawo masa hoton wani, ya tambaya ko mai shi ya sani. Kada ya sa aikin mace a shafinsa don talla sai da yardarta, kuma idan ya gama ya goge asalin hoton daga wayarsa.

A gari irin Garu, inda kowa ya san kowa, labarin wanda ya riƙe amanar hoton amarya zai kai gidan biki na gaba kafin shi ya kai. Haka ma labarin wanda ya yaɗa.