Yadda Amurka Ta Kai Ilimin Noma Ƙauye Ta Hannun Yara

A farkon ƙarni na 20 malaman gona a Amurka sun rasa yadda za su yi da manoma. Tun 1862 aka yi dokar da ta ba jihohi filaye domin su kafa jami'o'in koyar da noma, bincike kuma ya yi ta taruwa a kan zaɓen iri da zuba taki da tazarar shuka. Amma manomi ya yi kunnen uwar shegu. Abin da ya gada wurin ubansa shi ya sani, ba ya ganin ɗan boko mai laushin hannu zai koya masa noma.

Da manya suka ƙi, sai aka bi ta kan yara. A 1902 wani jami'in ilimi a jihar Ohayo mai suna A. B. Graham ya fara tara yara maza da mata bayan an tashi makaranta, yana nuna musu yadda ake gwada ƙasa da shuka masara. A jihohin kudu kuwa, yaro kan roƙi ubansa eka ɗaya ya noma ta yadda malami ya tsara, yarinya ta ɗauki ɗan fili ta shuka tumatir, ta rufe shi a gwangwani ta sayar. A 1910 wani yaro, Jerry Moore, a Karolaina ta Kudu ya samu sama da tan 5 na masara a eka ɗaya, fiye da ninki goma na abin da manoman jihar suka saba girbewa. Uban da ya ga masarar ɗansa ta fi tasa a gona ɗaya da damina ɗaya, ba sai an yi masa wa'azi ba. Gani ya kori ji.

A 1914 aka mayar da wannan aiki doka. Gwamnatin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma suka haɗa kuɗi, jami'a ta ba da ilimi, aka buɗe ofishin malamin gona a kusan kowace gunduma. Manomi zai kai ƙasar gonarsa a auna, ko ya kai ganyen da ya yi rawaya a gaya masa cutar.

Waɗancan kulob na yara su ne suka zama ƙungiyar 4-H, wadda a yau take da matasa kusan miliyan 6. Ba noma kaɗai ake koya a ciki ba. Yara ne ke zaɓar shugabansu da ma'ajinsu, su ke jan ragamar taro. Wanda ya yi kiwon ɗan maraƙi zai rubuta kuɗin abincinsa da na magani, ranar baje koli ya tsaya gaban alƙalai ya yi bayani da bakinsa. A nan ake fara koyon riƙon amana da magana cikin jama'a.

Tsarin bai tsaya kan yara kaɗai ba. Da tambayoyin masu lambun gida suka yi wa malaman gona yawa, a farkon shekarun 1970 jihar Washinton ta fara horar da 'yan sa kai, su kuma su biya da ba maƙwabta shawara kyauta.

Mu ma mun ɗanɗana amfanin wannan tsari. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke adana wake ba tare da maganin ƙwari ba, ya fito ne daga Jami'ar Purdue, ɗaya daga cikin jami'o'in da dokar 1862 ta haifa, tare da masu bincike a Kamaru da Nijar. Yadda aka yaɗa shi daga 2007 ma dabarar gani ya kori ji ce: a ɗure wake a gaban jama'a, a ɗaure, bayan watanni a kwance a bainar kowa.

Muna da cibiyoyin bincike kamar na Samaru a Zariya, muna da yara cike da makarantu. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu su ware fili, iyaye su yanka wa yaro 'yan kunyoyi su bar masa amfanin, hukuma kuma ta tura malamin gona ya riƙa leƙa su. Damina mai zuwa ta isa a fara.