Ko Ka Sani? StackAPI, Dillalin da ke Karɓo Amsoshi daga Stack Overflow

StackAPI ƙaramin laburare ne na harshen Python, wato tarin umarnin kwamfuta da aka riga aka rubuta, wanda mai haɗa manhaja ke sakawa cikin aikinsa don ya ɗebo tambayoyi da amsoshi daga Stack Overflow ba tare da ya buɗe shafin da hannunsa ba. Jeff Atwood da Joel Spolsky ne suka kafa Stack Overflow a 2008 saboda masu rubuta manhaja. Daga gare shi aka samu Stack Exchange, gungun shafuka sama da 170 da suka haɗa da na lissafi, na girki, har da na tambayoyin addinin Musulunci. A 2021 kamfanin Prosus na ƙasar Holan ya saye su a kan dala biliyan 1.8.

Shafukan suna da ƙofa biyu. Mutum yana shiga ta wadda ido ke gani, manhaja kuwa ta ƙofar da ake kira API, wadda aka buɗe a 2010. A nan babu launi babu hoto. Manhaja ta aika buƙata, a mayar mata da zallar bayani cikin tsarin JSON, a matse don kada ya ci data.

Aikin laburaren ya yi kama da na mai gida a Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wadda Abner Cohen ya yi nazarin fataucinta na shanu da goro a littafinsa na 1969. Baƙo kan zo da shanu daga Arewa, bai san mahautan gari ba, bai san wanda ke biyan bashi ba. Sai ya sauka wurin mai gida, shi da dillalansa su shiga tsakani domin sun san harshen kasuwar da ƙa'idarta. StackAPI ma haka: a faɗa masa sunan shafi da abin da ake nema, sauran ciniki nasa ne.

Ƙa'idojin kuwa ba wasa. Wanda bai yi rajista ba, buƙata 300 ce rabonsa a rana, kuma da adireshin IP ake ƙirgawa. Ke nan ɗalibai goma da ke jan intanet ɗaya a shagon kwamfuta a unguwar Mokola ta Ibadan, duk cikin ɗari ukun nan suke ci. Wanda ya karɓi mabuɗi, kyauta, daga shafin Stack Apps, nasa ya kai 10,000. Adireshin da ya wuce buƙata 30 a daƙiƙa guda, rufe masa ƙofa ake yi. Wani lokaci amsa kan zo da umarnin a dakata na wasu daƙiƙoƙi kafin a sake tambaya iri ɗaya. Laburaren yana karanta umarnin, ya jira da kansa, kuma a nan ne mafi yawan amfaninsa yake, don mai gaggawa ya fi mantawa da wannan.

Ba a ba da abu fiye da 100 a zubi ɗaya. In da saura, amsar takan nuna, sai laburaren ya koma ya karɓo na gaba. Idan ba a sauya masa tsari ba, yana tsayawa a zubi na biyar, wato abu 500, abin da kan sa sabon shiga ya ɗauka iyakar abin da ke akwai ke nan. Haka kuma tambaya kan zo da kanunta da makinta da sunan mai ita amma babu gundarin rubutun, sai an nema da matacin withbody. Kwanan wata ma ba ya zuwa yadda aka saba. Lamba ce doguwa, jimillar daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, ta yadda 1,000,000,000 ke nufin 9 ga Satumba 2001.

Abin da aka ɗebo yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA. An yarda a kwafa, a fassara zuwa Hausa, har a sayar, da sharaɗin a ambaci marubucin da inda aka samo, sannan a saki fassarar a kan wannan lasisi. Ban da Turanci, Stack Overflow yana da rassa a harsunan Fotugal, Sifen, Rasha da Japan. Babu reshe ko ɗaya a wani harshen Afirka.