Naman kasuwa da sunan farauta

A wata rumfar cajin waya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan na tarar da samari suna musu har da jijiyar wuya. Abokinsu ya kwana a ƙasan tsanin matsayi a wasan Call of Duty, gari ya waye ga shi can sama, alhali kowa ya san hannunsa bai kai nan ba. Ashe kuɗi ya tura aka buɗe masa ɗakin bot.

Mai sayar da ɗakin bot yana da tarin asusu da na'urori. Sai ya cika fili da 'yan wasan bogi, su tsaya ƙiƙam ba sa harbi, mai saye ya yi ta zubar da su maki na hawa. Wannan daban yake da bot ɗin da kamfani ke zuba wa sabon shiga don hannunsa ya faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hujjar yaron: "Wa na cuta? Ai ba mutane ba ne." To, ranar da ya shiga fili da mutane fa? Na'ura za ta duba matsayinsa ta haɗa shi da gwanaye, waɗanda suka sayi data da guminsu, suka jira wuta, suka dogara da shi ya tsare musu baya. Shi zai ja su ƙasa. Kamar direban da ya sayi lasisi ne ya ɗebi fasinja zuwa Kaduna. Kamar ɗalibin da aka rubuta wa jarrabawa aka ba shi aji ya koyar. Ko wanda ya sayo nama a kasuwa ya rataya a kafaɗa, ya shiga sahun mafarauta ranar bikin Afan a Kagoro.

Activision, kamfanin da ke da wasan, yana rufe asusun wanda ya kama. Koriya ta Kudu ta wuce nan: tun 2019 dokarta ta tanadi ɗaurin har shekara 2 ko tarar won miliyan 20 (kuɗin ƙasar) ga mai sana'ar ɗaga wa wani matsayi. A nan iyaye da hukuma sun sallama, wai wasan yara ne, ba mai tambayar inda kuɗin ke fitowa ko wa ake tura wa.

Da na taso, abokan nan uku sun riga sun cire shi daga ƙungiyarsu, suna neman na huɗu.