Mai Wankan Jego: Sana'ar Wuta da Ruwa a Achika

A Achika, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, ba sai an yi shela ake gane gidan da aka haihu ba. Tulin itacen da ke ƙofar gida ya isa shaida, sai kuma hayaƙin da ke tashi daga bayan ɗaki tun kafin kiran assalatu, lokacin da ba wanda ya ɗora girki. Wutar ta ruwan wanka ce. Wadda ta hura ta kuwa sau da yawa ba 'yar gidan ba ce. Wata dattijuwa ce da ta baro shimfiɗarta cikin duhu, kuma za ta sake dawowa da la'asar, haka kullum har mai jego ta yi arba'in.

Mai jego kan ce mata Iya ko Inna, maigida ya rusuna ya ce Gwaggo, yaran gida su ce Kaka. Wani lokaci ita ce ungozomar da ta yanke cibiya ta binne mabiyiya, sai ta zarce da wanka. Wani lokaci kuma wankan kaɗai ne aikinta. In haihuwar fari ce, yarinya kan tafi wankan gida wurin iyayenta, to amma ko a can ba kasafai uwa kan tsaya a kan 'yarta ta fari ba, saboda alkunya. Sai a miƙa ta ga kaka, ko abokiyar zaman uwar, ko a kira wadda garin ya sani da wannan aiki. Galibinsu mata ne da suka daina haihuwa, da yawa mazansu sun rasu. Ba su da allo a ƙofar gida, ba su da takardar shaida. Sun koya ne ta hanyar bin wata tsohuwa suna riƙe mata ƙwarya, suna iza mata wuta, har ranar da ciwon ƙafa ya hana tsohuwar fita ta ce, "Je ki yi mata, ai kin ga yadda ake yi."

Kayan aikin ba su da yawa. Babbar tukunya, ko rabin duro da aka yanke aka ɗora kan murhu mai duwatsu uku. Bokiti ko baho. Kujera 'yar tsugunno. Tsumma mai kauri ko tawul. Sai ganye, wanda shi ne ainihin makamin sana'ar. Yau darbejiya ta fi yawa domin tana kowace ƙofar gida, amma baƙuwa ce, a zamanin Turawa aka kawo ta ƙasar Hausa. Kafin ita akwai ganyen tsamiya da runhu da sabara, kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka fi yarda da su. Akan karyo rassa masu taushi a ɗaure su dami biyu, a jefa wasu cikin tukunya su tafasa tare da ruwan har ya canza launi, ƙamshinsa mai ɗaci ya cika makewayi.

Idan ruwa ya tafasa, sai ta kwashe shi zuwa makewayi, ta zaunar da mai jego. Ba a zuba mata ruwan kai tsaye, da fata ta saɓule. Damin ganyen ake tsomawa, a ɗaga, a girgiza shi sau ɗaya a iska, sannan a fyaɗa a gadon baya. A sake tsomawa, a fyaɗa a kafaɗa, a ƙugu, a cinya. Wannan girgizawa ta ɗan lokaci ita ce ke raba gashi da ƙuna, kuma ita ce abin da sabuwar hannu ba ta iya ba. Tururi ya turnuƙe wurin har ba ka ganin fuskar mutum. Mai jego na zillo tana cewa, "Wayyo Iya, da zafi!" ita kuwa ko a jikinta: "Daure 'yar nan, ɗanyen jiki gare ki. In ban gasa ki ba, uwarki ce za ta ce na yi ha'inci." Daga nan sai ta jiƙa tsumma ta matse, ta danna mara da shi, tana murzawa ƙasa domin jinin biƙi ya fita, cikin ya koma. Wadda ta ƙaru wajen haihuwa kuma a sirka mata ruwan bagaruwa ta zauna a ciki.

Jariri ma hannunta yake bi. Ta miƙe ƙafafu ta kwantar da shi a kan ƙaurinta, ta wanke shi da ruwa mai ɗumi, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta ɗumama tafin hannunta a kan garwashi ta gasa masa cibiya har ta faɗi. Nan ne ma ma'aikatan asibiti suka fi yin faɗa da ita, domin abin da wasu ke shafawa a cibiya, toka ko man goge baki ko wani gari, yana iya sa wa yaro cuta. Yanzu akwai maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti, kuma tsofaffin da suka karɓe shi ba su rasa komai na martabarsu ba.

Tushen duk wannan aiki magana ɗaya ce: sanyi. A fahimtar iyayenmu, macen da ta haihu jikinta a buɗe yake, in sanyi ya shige ta zai kumbura ta, ya hana nono zuwa, ya bar mata ciwon da za ta tsufa da shi. Shi ya sa ake kai wa sanyi farmaki ta ko'ina. Ta waje ruwan zafi, da gadon ƙasa da akan hura wuta a ƙarƙashinsa a gidajen da. Ta ciki kuma kunun kanwa mai zafi, da yajin jego na citta da kanumfari da masoro da kimba, da romon ƙauri. Nauyin wannan duka a wuyan miji yake. Tun ciki na wata bakwai mai hankali ya fara tara itace, in kuma haihuwa ta zo, ranar Juma'a ta same shi a kasuwar Wudil yana cinikin ƙafafun sa da kayan yaji da ungurnu. Mijin da itacensa ya ƙare kafin arba'in, mai wanka ce za ta fara faɗa masa, kuma ba a ɓoye ba.

Wanda ya ga ana fyaɗa wa mace ganye cikin tururi yana iya ɗauka mu kaɗai ke yin haka a duniya. Can arewacin Turai, a ƙasar Finlan, akwai ɗakin gumi da suke kira sauna. Ɗaki ne na katako, da murhu da aka jibga wa duwatsu. In duwatsun sun yi zafi sai a watsa musu ruwa, tururi ya tashi, zafin ɗakin ya kai maki 80 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyos. Mutum ya zauna yana gumi, yana bugun jikinsa da damin ɗanyen ganyen wata bishiya tasu, sannan ya fita ya faɗa tafki mai sanyi. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan 6 ba, amma ɗakunan nan sun haura miliyan 3. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin abubuwan gado na ɗan Adam. Kafin asibiti ya wadata, a wannan ɗaki matansu ke haihuwa, domin shi ne wuri mafi tsafta da ɗumi a gida, ga ruwan zafi a kusa. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa 1982, a irin wannan ɗaki aka haife shi a 1900.

Su sun kai abin har kan ruwa. Manyan jiragen Viking Line da Silja Line da ke kwana suna tafiya tsakanin Helsinki da Sitokholm suna da sauna a ciki, fasinja ya biya ya shiga yana gumi yana kallon teku ta taga. A tafkunansu kuma akwai ƙananan ɗakunan da aka gina kan katako mai yawo a ruwa, baƙi su yi haya, in zafi ya ishe su su yi tsalle cikin tafkin. Mu ma muna da kogi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya wuce ƙarƙashin gada ya nufi Haɗeja. Sai dai kwale-kwalen da ke kansa na masunta ne da masu fito, kuma duk wanda ya ce zai ɗora tukunyar jego a ciki don masu yawon buɗe ido, za a ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, mutumin Finlan da ƙafarsa yake shiga, in ya ji jiri ya fito. Mai jego ba ta da wannan zaɓi. Kwana ɗaya da haihuwa, ta zubar da jini, wataƙila jininta ya hau ba ta sani ba, kuma in ta ce ya isa sai a ce raki ne.

Likitoci sun daɗe da sa ido kan wannan al'ada ta jego. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ga ciwon ya yi yawa a ƙasar Zazzau fiye da yadda aka sani a wasu sassan duniya, suka kuma ɗora zargi kan al'adar jego: gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyar wa ɗaliban likitanci, kuma daga nan ne mai wankan jego ta zama abar zargi a bakin 'yan boko.

Daga baya labarin ya ɗan sauya. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020. An tabbatar ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, har a wani asibitin Kano ana samun kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Amma da aka gwada masu ciwon da lafiyayyu, ba a ga wankan zafi ko kunun kanwa sun raba su ba, kusan kowa na yi. Abubuwan da suka fito fili su ne talauci, da rama, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. Wani aikin nasa kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Wato an daɗe ana tuhumar tukunyar wanka, alhali babban laifin yana tukunyar tuwo.

Wannan bai wanke sana'ar tas ba, kuma ni ba zan wanke ta ba. Ana ƙona mata. Ana samun wadda ta sume a makewayi. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri, ɗinkinta ba ya son danna da tsumma. Mafi muni shi ne abin da kan faru idan ciwon zuciyar ya fara: ƙafafu su kumbura, mace ta riƙa haki in ta ɗan taka, tari ya hana ta kwanciya sai a zaune. Tsohuwar fahimta za ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa, daidai lokacin da ya kamata a nemi mota zuwa babban asibitin Wudil. Kwanakin da ake ɓatawa a nan su ne ke kashewa.

Duk da haka, a tambayi kowa: wane ma'aikacin lafiya ne ke ganin mai jego a ƙauye sau biyu a rana har kwana arba'in? Macen da ta haihu a asibiti ma, in ba matsala, ba ta daɗewa ake sallamarta, da yawa kuma a gida suke haihuwa. Mai wanka ce ke ganin jikinta ba sutura. Ita ce za ta fara lura jini bai tsaya ba, ko ya soma wari, ko nono ya yi tauri ya yi ja, ko idon jariri ya yi rawaya, ko yarinyar ta daina magana tana kuka ba dalili. Ita ce kuma kaɗai za ta iya tsayawa a tsakar gida ta ce wa maigida, "Malam, yarinyar nan ba ta wanka ba ce, ta asibiti ce," ya ji, domin wataƙila shi ma ita ta wanke shi. A ganina duk shirin kiwon lafiyar da ya tsallake wannan mata ya tafi neman wasu sababbi, ya bar idon da ya riga ya samu a cikin ɗaki. Abin da take buƙata bai fi a zaunar da ita a nuna mata alamomin da ba a jira da su ba, a kuma roƙe ta ta sirka ruwan.

Ita ma sana'ar tana sirkuwa da kanta. Itace ya yi tsada, mazaje da yawa ba sa iya na kwana arba'in safe da yamma, sai a yi sau biyu har suna, daga nan a koma sau ɗaya. Gadon wuta ya kusa ɓacewa tun da katifa ta shigo. Matan da suka yi makaranta, musamman tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001 garin ya cika da ma'aikata da ɗalibai, sukan ce a yi musu da tawul kawai, ban da ganye. Tsofaffin na gunaguni, suna cewa 'yan yanzu ba su da ƙashi, amma suna yi, domin mai biya shi ke da magana.

Biyan kuwa ba shi da tsayayyen farashi. Ranar suna tana da kasonta na nama da tuwo da goro, 'yan barka kan ɗan damƙa mata wani abu. Ranar arba'in, kafin mai jego ta ci ado ta fita yawon gaishe da dangi, sai a haɗa mata sabulu, da kwanon hatsi, da turmin atamfa in gidan da hali, da 'yan kuɗin da maigida ya ga zai iya. A gidan da ba hali sai a haɗa ta da godiya da alkawarin kaka, kuma ba ta fasa zuwa haihuwa ta gaba. Jikokinta mata sun iya lissafi: tashin asuba arba'in, da hayaƙi a ido, a kan turmi ɗaya. Yawancinsu sun gwammace ɗinkin hula ko awara.